Fifitar Muntari Mai Rijiya

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Durun da Garo a zamaninmu, da wuya in bai sha gumin Muntari ba. Ni ne Datti, ni nake riƙe masa igiya. Shi yana ƙasa yana sara, ni ina sama ina jawo ƙasa ina zubarwa, ina kuma shan zagi, don Muntari bai taɓa yarda cewa na zura guga a kan kari ba. Mutane suna cewa mu aminai ne. Ni dai abin da na sani, na shekara da shekaru ina kallon tsakar kansa, a idona sanƙonsa ya fara, a idona ya gama.

Iyayensa makiyaya ne. Shanun suka ƙare a wata annoba tun yana yaro, uban ya zauna a Durun ya kama fartanya ba da son ransa ba. Muntari bai gaji ko maraƙi ba, Fillancin ma bai wuce na zagi ba, amma ya kafe a kan cewa ya gaji hancin shanu. In aka kira mu aiki, sai ya cire hula ya yi ta zagaya tsakar gida yana shinshine-shinshine, matan gida suna leƙe ta bayan labule suna toshe baki. Can sai ya dangwara diddige ya ce, "Nan." Sau da yawa nan ɗin yakan faɗa daidai inda maigida ya fi ƙaunar a bar masa, ko gindin murhu ko turken jaki. Ba a ja da shi, sai dai a ta da murhun.

Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, bai taɓa barin rami busasshe ba. In ya sa diga a wuri, sai ya ga ruwa. A Madadi mun taɓa cin karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, maigidan ya gaji ya ce a cike ramin a huta. Muntari ya ce to, ya rufe shi da itace da zana. Rani na zagayowa muka koma. Wani ranin ma muka koma. Kafin na gaba mutumin ya sayar da gidan ya yi ƙaura, sabon maigida ya fito da safe da butarsa ya tarar da ƙarti biyu a tsakar gidansa, ɗaya yana ɗaura wa ɗaya igiya a ƙugu. Bai san ma yana da rami ba. Rijiyar tana nan, unguwar duka ita suke sha.

Aibinsa taba. Zai fito daga rami fari fat da ƙurar dutse, yana tari, kafin ya sha ruwa sai ya kunna. Na yi faɗa har na gaji. Yakan ce ƙurar ce yake kora da hayaƙin.

Akwai wata ƙa'ida ta sana'armu wadda sai na faɗe ta za a gane haukan da ya biyo baya. Rijiya in ta yi zurfi, iskar ƙasanta takan ɓaci. Saboda haka kafin mutum ya sauka ana zura fitila, in ta mutu ba mai shiga. Sai a ɗaura reshen darbejiya mai ganye a igiya a yi ta zurawa ana fizgowa, wani kuma yana kaɗa tabarma a bakin ramin, har iska mai kyau ta sauka. Wannan muke kira fifita. In kuwa mutum yana ƙasa ya ja igiya, na sama ba ya tsayawa tambaya, fifita yake farawa. Muntari ya ɗauki wannan ƙa'ida da muhimmanci fiye da yadda wasu ke ɗaukar alwala.

Abokin dararsa shi ne Malam Gregory, malamin firamare, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Da ƙuruciyarsa aka turo shi Durun, rabin garin shi ya koya musu baƙi da wasali na boko. Kullum la'asar suna gindin tsamiya shi da Muntari, kowa yana rantsuwa da littafinsa cewa ɗayan ya matsar da ɗa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, ga kuma labarin rikicin da aka yi a Kaduna yana ta zuwa, wasu daga mutanensu na Gwarzo da Kabo suka ɗaure kaya suka tafi. A Durun ba wanda ya ce wa Malam Gregory ko kanzil, amma matarsa Lovelyn ta zuba tukwanenta a buhu ta ɗaure, ta bar guda biyu na girki. Shi kuma ba ya iya musu da ita. Abin da ya yi, ya aiko a kira mu, ya ce yana son rijiya a tsakar gidansa.

Hujja dai yana da ita. Famfon gwamnati ya daɗe da zama turken awaki, lokacin tsuke bakin aljihu ne, komai sai a ce babu. Amma Muntari ya gane zancen. A hanyarmu ta komawa ya ce mini, "Ka ga, Datti, Malam ba ya son tafiya. Ya ce wa matar ko za a tafi sai an ga ruwa tukuna. In ruwa ya zo kuma, wace mace ce za ta bar rijiya a ƙofar ɗakinta?"

Muka fara. Mun wuce jar ƙasa, mun shiga marmara, sai tarin Muntari ya sake launi. Wata rana ya fito ya tofar, na ga jini, ya yi maza ya take da ƙafa. Na ce na gani. Ya ce goro ne. Muntari kuwa ba ya cin goro, ya ce yana ɓata haƙori.

Da ƙyar na ja shi asibitin Gwarzo, daga can aka tura mu birni. A can muka dace, domin 'yar Malam Gregory, Anastasia, a ɗakin gwaje-gwaje take aiki. Yarinyar a gabanmu ta girma, Baba take ce wa Muntari, ni ma Baba. Ita ta yi ta shige da fice da mu. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka zura wani abu aka gutsuro 'yar tsoka daga huhun, daga baya likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Muntari kuwa tambayarsa ɗaya, ina aka kai tsokarsa. Ya ce shi da ita ya zo, kuma bai ga an dawo masa da ita ba.

Aka yi masa bayani cewa likitan da Anastasia ke aiki a ƙarƙashinsa yana wani bincike a kan irin wannan ƙari, suna roƙon ya bar musu. Ya ce aro ya ba su, kuma sai an gaya masa abin da aka yi da ita.

Ranar wata Asabar Anastasia ta zo gida, ta same mu a zauren Muntari. Ta durƙusa aka gaisa, ya jiki, ya hanya, ya aiki, ya mutanen birni, ya tsadar rayuwa, sai da aka ƙare tas sannan ya ce, "To, 'yata, ina labarin namana?"

Ta ce, "Baba, na yanka shi siriri, ya fi bawon albasa siranta, na ɗora a gilashi na zuba masa rini iri biyu, na duba a madubin likita. Rini na farko yana kama ƙwayoyin da ke hayayyafa. Naka da yawa ya kama, shi ya sa ƙarin yake saurin girma."

"Zuriya ce mai albarka," in ji Muntari. "Na biyun fa?"

"Na biyun shi ne abin da muke bincike a kai. Ka san jini ne yake kai iska ko'ina a jiki. To ƙarin nan ya yi saurin girma har jini ba ya isa tsakiyarsa, sai ƙwayoyin da ke can ciki su shaƙe. In sun shaƙe, akwai wani sinadari, furotin, da ke taruwa a cikinsu, shi yake aika saƙo a jawo musu sababbin jijiyoyin jini. Jiki kuma ba ya tambaya, sai ya jawo. Ƙarin ya sami abinci ya ƙara girma, tsakiyarsa ta sake shaƙewa, ya sake aikawa. Duk inda furotin ɗin yake, rinin yakan mai da wurin ruwan ƙasa. Naka, Baba, ya yi ruwan ƙasa sosai."

Muntari ya yi shiru. Na san wannan shirun, irinsa yake yi kafin ya ce a ta da murhun mutane.

"Tsaya, 'yata. Wato akwai wani a can ƙasa, iska ta ƙare masa, yana jan igiya."

"Kusan haka ne, Baba, amma..."

"Na sama kuma, maimakon su yi masa fifita, sai suke zura masa tuwo."

"Baba, ba haka nake nufi ba, ita iskar..."

"Datti, ka ji ko? Irin aikinka ne sak."

Daga nan ba wanda ya ƙara jin Anastasia, don ni da shi mun kaure. Ta yi ta cewa Baba, Baba, har ta gaji. Ta dai samu ta sako cewa irin ƙwayoyin nan suna zarin sukari, Muntari ya ce wannan kam gwamnati ta riga ta yi maganinsa, rabonsa da sukari a koko tun kafin a ƙara kuɗin mai.

Kafin magariba ya gama shirya maganinsa. In aka ba na ƙasa iska, zai daina jan igiya. In ya daina, jiki ya daina zura masa tuwo. In tuwo ya yanke, sai ya rame ya zauna lafiya. "Ni ba korarsa zan yi ba," in ji shi, "baƙo ne, ya riga ya shigo. Ya dai bar ni in gama rijiyar Malam kafin ruwan sama ya rusa ta, daga nan ma yi magana."

Matarsa Altine ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Ya tuɓe riga ya kwanta ya buɗe baki, ita kuma tana kaɗa mafici. In ta sassauta ya ce na ƙasa ya fara motsi. Kwana kaɗan wuyan hannunta ya kumbura, ta ce ita aure ta zo, ba a ɗauko ta fanka ba. Ya aro fankar gaske a gidan hakimi, aka ajiye ta a gabansa ana jiran wuta. Fankar ta yi kwanaki suna kallon juna, sai da gizo-gizo ya yi saƙa a jikinta aka mayar.

Ranar kasuwar Gwarzo ya ce in raka shi. Ban san abin da ya ƙulla ba sai da na ga ya ƙi shiga gaban mota, ya sa an ɗora shi can saman buhunan gero a bayan wata akori-kura. Ya fuskanci gaba, ya riƙe hula da hannu ɗaya, ya wangale baki. Ni ina gefensa ina riƙe da rigarsa kada ya faɗo, mutanen da muke wucewa a gonaki suna miƙewa suna kallo. Ga wahalar mai, direban duk gangara sai ya kashe inji, duk hawa kuma motar tafiyar kura take yi. Muntari ya yi ta buga rufin motar yana cewa a taka, iskar ma an tsuke mata bakin aljihu. Mun isa Gwarzo ya haɗiye fara ɗaya da ƙudaje da ban ƙirga ba. Ya ce ya ji na ƙasan ya yi hamdala.

A Kabo ya je wajen mai facin taya ya nuna bakinsa ya nuna tiyon iska. Mai facin ya dube shi, ya dube ni, ya naɗe tiyonsa ya zauna a kai.

Wanda ya karɓe shi hannu bibbiyu shi ne Mijinyawa maƙeri, mutumin da a rayuwarsa bai taɓa jin shawarar banza ya ƙi ta ba. Ya zare zuga-zuginsa daga wuta, ya ɗora a kan turmi, Muntari ya kwanta ba riga, aka saita masa bakin a fuska. Zugar farko tokar shekaru ta fito gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa ba abin da ake gani a fuskar Muntari sai idanu. Ya yi tarin da na zaci shi ke nan, da ya samu numfashi ya ce, "Ci gaba, hanya ce take buɗewa."

Kullum hantsi aka mai da shi aiki. Jama'a suka fara taruwa, masu kawo gyaran garma suna jira a gama da Muntari tukuna. Labari ya kai kunnen samarin da ke sa ido a kan bin Shari'a a garin, suka zo su uku da kyakkyawar niyya, don an ce musu ana wani abu mai kama da tsafi a maƙera. Suka tarar da dattijo kwance ba riga ana hura shi. Suka rasa ta inda za su kama, sai aka ɗunguma gaba ɗaya zuwa wajen liman, har da zuga-zugin.

Liman ya saurari bayanin na ƙasa da igiya da tuwo, bai katse ba. Ya tambaya ko ana kiran sunan wani abu in ana zugar. Mijinyawa ya ce bisimilla kawai. Ya tambaya ko ana yanka wani abu. Aka ce a'a. Ya shafa gemu ya ce shi dai bai ci karo da wannan mas'ala a littafi ba, bai ga haramci ba, amma Malam Muntari ya riƙa sa riga saboda mata masu wucewa. Washegari samarin nan suka dawo, babbansu ya ce taimakon mara lafiya lada ne, suka karɓi zuga suna yi bi da bi. Mijinyawa ya sami hutu, ya zauna yana ba su umarni.

Ni duk wannan ban yi dariya ba a lokacin, yanzu ne nake yi. Haushi nake ji, kuma tsoro nake ji. Ina ganin wuyan rigarsa yana ƙara faɗi, ina ganin yadda yake tsayawa hutu tsakanin gidansa da masallaci yana yi kamar takalminsa yake gyarawa. Na ce masa wannan shirme ne. Ya ce mutumin da bai taɓa sauka rami ba ba shi da bakin magana a kan iska.

Ramin Malam Gregory kuwa yana nan rufe da zana, zafin bazara ya fara, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Lovelyn ta daina gaishe mu da fara'a. Tana da gaskiya, an haƙa mata rami a tsakar gida an tafi, kajinta biyu sun riga sun faɗa.

Wata safiya Muntari ya zo ƙofar gidana da diga a kafaɗa, ya ce baƙon ya yi shiru, yau za a koma aiki. Na ce ba zan riƙe igiyar ba. Ya ce to zai ɗaura a turmi. Na san zai aikata, sai na bi shi.

Muka zura fitila da ɗan kananzir ɗin da Malam Gregory ya tatso daga risho. Ta sauka har ƙasa tana ci lafiya lau. Muka ɗaura wa Muntari igiya a ƙugu, ya sauka a hankali. Na ji sara ɗaya, na ji na biyu, sai shiru. Bai ja igiya ba, bai zage ni ba, rashin zagin ne ya tsorata ni. Ni da Malam Gregory muka jawo shi, bai fi nauyin guga cike da yumɓu ba. Muka kwantar da shi a inuwa, leɓunansa sun yi fari, Lovelyn tana yayyafa masa ruwa tana kiran sunan Allah da yarenta.

Da ya buɗe ido ya ce, "Fitilar ta mutu?"

Na leƙa. Na ce tana ci.

Ya ce, "To ba rijiyar ba ce."

Malam Gregory ya aika birni, Anastasia ta zo. Wannan karon ba wanda ya katse ta. Ta zauna a bakin tabarmarsa ta ce, "Baba, iskar waje ba ta isa inda abin yake. Ko guguwa ka haɗiya, sai jini ya ɗauke ta ya kai, jinin kuwa ba shi da hanyar kirki zuwa tsakiyar. Kuma ko ta isa, ba zai daina girma ba. Ba mutum ba ne, Baba, bai san alheri ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Na faɗa. Kana zagin Baba Datti."

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Ya tambaye ta to mene ne amfanin rinin nata. Ta ce a kansa dai ya nuna musu irin saurin da ciwon yake yi ne kawai. Amma in aka tara na mutane da yawa aka gane yadda saƙon nan yake tafiya, wataƙila wata rana a sami maganin da zai tare shi a hanya. Ba yanzu ba. Ya ce to aron nan ya zama kyauta, su riƙe naman. Sannan ya tambaye ta ko zai ga damina. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma, shi kuma bai sake tambaya ba.

Malam Gregory ya ce kada ya damu da rijiya, zai kira masu haƙa daga Garo su ƙarasa. Muntari ya yunƙura har sai da ya tashi zaune. Ya ce mutanen Garo rijiyarsu karkatacciya ce, in suka taɓa masa aiki bai yafe ba. Malam ya ce to a cike ta, ba komai. Muntari ya ce, "A cike ta, a ce Muntari ya mutu ya bar rami a gidan abokinsa, matar ta ɗauki buhunta." Ya juyo ya zuba mini ido.

Na ce kada ma ya fara. Ni mutumin sama ne, ga tumbi, ga gwiwa. Ya ci gaba da kallona. Washegari ni ne a ƙasa.

Aka shimfiɗa wa Muntari tabarma a bakin rijiyar, aka tokare shi da matashi yadda zai iya leƙowa. Igiya tana hannun Malam Gregory, an kuma naɗa ta a jikin bishiyar mangwaro don kada mu tafi tare. Muryar Muntari ta riga ta shige, ba ta isowa ƙasa, saboda haka sai ya faɗa Malam ya isar. Malam kuwa mutum ne mai ladabi. Sai in ji an ce, "Malam Datti, wai don Allah in ba damuwa ka ɗan karkata hagu." Ni kuwa na ga bakin Muntari, na san jaki ya ce. In na yi sara mai kyau ba a isar da komai. In na yi mara kyau, sai Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Ya yaba, amma yana da 'yar shawara."

Kwanaki muka yi a haka. Hannuna ya yi kanta ya fashe, bayana ya ƙage, sallah ma a zaune nake yi. Na gane cewa ƙasan rijiya wuri ne mai kaɗaici, kuma na gane dalilin da ya sa mutum yake zagin na sama, don ya tabbatar akwai wani a can. Kullum Muntari yana ƙara zubewa. Ranar ƙarshe a amalanke aka kawo shi, Altine tana biye tana faɗa, shi yana daga kwance yana gyara wa mai turawa hanya.

Da la'asar ɗin ranar diga ta shige wani wuri mai laushi, na zaro ta da danshi. Na cika guga da yumɓun na ja igiya. Na hau na same shi ya damƙi curi ɗaya a hannu. Ya matsa, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido.

Ya ce, "Kada ka ƙara sara. Ka bar ta ta kwana, za ta yi ido." Ya huta, sannan ya ƙara, "Gindin ya ɗan karkace, amma na mai koyo ne."

Lovelyn ta fito ta karɓi curin daga hannunsa ta juya shi, ta koma ɗaki. Jim kaɗan muka ji ƙarar tukwane ana zazzage su daga buhu. Muntari ya kalli Malam Gregory, Malam ya kau da kai yana naɗe igiya.

Da asuba, muna fitowa daga masallaci, aka zo aka ce Muntari ya cika. Na shiga na gan shi, na ja masa mayafi, na fito zaure na zauna. Mutane suka fara taruwa. Aka auna likkafani, aka aika masu haƙa kabari. Liman ya ce a kawo ruwan wanka, Altine ta aiko cewa randunan gidan duk sun yi ƙasa, ƙarshen rani ne, sai an je bakin gari.

Ana neman wanda za a aika sai ga Malam Gregory ya ɓullo ta lungu, ba hula, wandonsa jiƙe har gwiwa, bokiti a kowane hannu. Ruwan ja ne, bai kwanta ba. Ya ajiye a ƙofar zaure, bai shigo ba, don ya san iyakarsa a irin wannan rana. Ya dube ni ya ce, "Ta kawo, Malam Datti."

Wani ya ce ruwan ya yi laka, a bari ya kwanta. Liman ya sa hannu ya ɗebo ya duba, ya ce ruwan rijiya ne, ƙasa ba ta ɓata shi. Da shi muka wanke Muntari, ni nake zubawa, ina kuka ban ɓoye ba. Da na fito zubar da saura na tarar da wasu bokitai biyu a ƙofa, Malam ya koma ya sake jawowa. Muka ce masa ya isa haka, bai ji ba. Har muka ɗauki makara yana tafe a lungu da wani bokitin.